Kwalin da Ya Rufe Bakin Aku

Ke da kike shirin bin mijinki aikin bishara a wata ƙasa, da yara ƙanana a hannu, tsaya ki karanta wannan kafin ki ɗaure kaya. Za a gargaɗe ki a kan sanyi, a kan harshe, a kan kaɗaici. Ba wanda zai gargaɗe ki a kan masu yi miki addu'a. Ni zan yi. Ga wasiƙun da suka shiga tsakanina da yayar mijina, nawa da nata, ban cire komai ba. Yarinyar da maganar ta shafa ta girma, ta karanta su duka, ita ta ba ni izinin nuna su. Da ba ta ba ni ba, da ba ki gan su ba.

Zuwa ga Yaya

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gida, yaya ƙafar da ke damunki? Ina fata shan maganin kike yi, ba ajiye shi a taga kina kallo ba. Mu lafiya lau, sai Auta da ke fama da mura tun saukarmu. Ƙaninki Fasto ya ɗan rame, amma shi ko a jikinsa. In ya samu mutum ɗaya ya tsaya ya saurare shi a bakin titi, ranar ko abinci ba ya nema.

Gidan da aka ba mu a saman bene yake, ba tsakar gida, ba inda yaro zai yi gudu. Tsohon da ke ƙasa da mu, da yara sun taka da ƙarfi sai ya bubbuga silin ɗinsa da sanda. Auta ya ɗauka wasa ne, yana rama masa da cokali. Injin wanki ɗaya ne na dukan masu haya, kowa da ranarsa, kuma an hana shanya a waje. Sujada a ɗakin taro na haya muke yi, mu jera kujeru da safe, mu kwashe da rana. Ni kuma ina zuwa ajin koyon harshe, malama ta nuna hoton kofi, ni da girmana in maimaita kamar 'yar aji ɗaya.

'Yarki Aku tana nan da bakinta, ba a banza kika raɗa mata sunan ba. A makaranta ba mai jin abin da take faɗa, sai ta tara maganar yini guda ta kawo mini. Tun daga ƙofar makaranta har mu hau bene ba ta tsayawa numfashi. Ita ce rediyona a ƙasar nan.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta miki ke kaɗai, ban sa a takardar labarin mishan da Fasto ke aika wa zumuntar mata ba. Aku ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar mitsitsiya. Da safe sai in tarar ta naɗe zanen gado ta cusa a ƙarƙashin gado, tana tsaye tana kallon bango. Likita ya ce ba ciwo ba ne, sauyin wuri ne. Da hannu nake wankewa a banɗaki don kada maƙwabta su gane. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kada ki faɗa wa kowa." Na ce to. Ke kuwa na faɗa miki don ke kika raini ubanta, ke ce uwar da nake da ita a dangin nan, kuma abin ya yi mini nauyi. Ki sa ta a addu'a.

Taki,
Maman Aku

Zuwa ga Amaryarmu

Na amsa gaisuwa, na kuma ƙara miki da tawa. Ƙafa da sauƙi. Magani ina sha in na tuna. Wato don kin hau jirgin sama shi ne kika zama likita? Ki riƙa cusa wa ƙanena abinci ko da faɗa, tun yana yaro haka yake. Tsohon nan mai sanda ki ce yayar Fasto tana gaishe shi, in na zo da takalmi mai tsini zan yi ta zagaya ɗakin.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, amma dubi ikon Allah, ranar taron zumunta ta iso, ina fita ƙofa aka miƙo mini. Batun 'yata Aku ki kwantar da hankalinki, an gama. Kin ce a sa ta a addu'a, an sa ta. Muryata ni kaɗai me za ta yi? Bayan na gama karanta labarin mishan kamar yadda na saba, sai na ƙara da nata. Ki zo ki ga mata sun tashi tsaye, har da masu hawaye! Malamar makarantar Lahadi ta ce ai yara ma su sa hannu, tunda ƙawarsu ce. Akwai kwali a hanya da sunan Aku. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba, ki bari ku gani da idonku.

Yayarki

Zuwa ga Amaryarmu

Lafiya dai ko? Mu nan ƙalau, ƙafa ce kawai ta tashi. Na rubuta shiru, kwali ya tafi shiru. Mata sun dame ni da tambaya, ko an samu sauƙi, ko yarinya ta ji daɗin kaya. Sai in ce musu gidan waya ne. Ko godiya ba a yi ne a ƙasar taku? In kin manta yadda ake yi, ki tambayi mijinki, ni na koya masa.

Yayarki

Zuwa ga Yaya

Ina gaisuwa, domin an koya mini gaida manya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Jikinmu lafiya. Abin da ba lafiya ba shi zan faɗa miki, kuma ba ta waya ba, don a waya kina dariya ki rufe zance. A takarda sai kin karanta har ƙarshe.

Kwalin ya riga wasiƙarki isowa, domin wani ɗan'uwa matafiyi ya riƙo shi. Ba mu san abin da ke ciki ba. Ƙaninki don murna ya ɗauke shi zuwa ɗakin taro ranar Lahadi, wai 'yan ikilisiyarmu su ga irin ƙaunar da ake yi mana daga gida. Ba su da yawa: mai gyaran takalmi da matarsa, wata nas, da wasu iyalai masu yara. A cikin yaran akwai wata 'yar ajin su Aku, ƙawar farko da ta yi a ƙasar nan, wadda ta sha wahala kafin ta samu.

Bayan sujada aka ɗora kwalin a tebur, aka ce mai suna ta buɗe. Ta yage shi tana tsalle. A sama ledar gado ce, an naɗe ta an ɗaure da zare mai kyau kamar kyautar biki. A ƙasa katunan yara. "Muna addu'a ki daina fitsarin kwance." "Kada ki sha ruwa da yamma." Waɗannan da harshenmu aka rubuta su, mutanen nan ba su iya karantawa ba, na gode Allah. Amma 'yar mai kiɗan majami'arku, aminiyar Aku tun suna rarrafe, ita zane ta yi: yarinya a kan gado, an zuba kalar ruwan ɗorawa har ƙasa. Yaya, zane ba ya bukatar tafinta. Wani yaro ya fizge katin ya ɗaga sama, yara suka kwashe da dariya, har da ƙawar tata.

Aku ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin ce to."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta yi mini da harshenmu. Tun daga ranar sai da harshen mutanen nan take magana, da sauri, da gangan, ta san ni har yanzu a hoton kofi nake. In na tambaye ta me ta ci a makaranta, sai na jira ubanta ya dawo ya yi mini tafinta tsakanina da 'yar da na haifa. A hanya tana gaba ina baya, shiru har mu hau bene. An raɗa mata suna a makaranta, na ji yara suna kiranta da shi, sai da na buɗe ƙamus na san zagin da ake yi wa 'yata. A tebur ta daina haɗa hannu a yi addu'a. Da ubanta ya tambaye ta dalili, ta ce ba za ta ƙara gaya wa Allah komai ba, don duk abin da aka gaya masa Gwaggo ce ke karantawa a taro.

Ki sake karanta wannan layin. Mun bar gida da dangi don mu koya wa baƙi magana da Allah, ke kuma daga can kin hana tamu.

Nawa laifin na sani. Na yi alkawari na karya, zan biya a wurinta. Naki kuwa za ki biya a wurina.

Maman Aku

Zuwa ga matar ƙanena

Na samu wasiƙarki, na karanta, ƙafar da ta fara sauƙi ta sake kumbura. Ni kike rubuta wa haka? Ni da na goyi mijinki a bayan nan, ni da na tsaya aka ba shi ke?

Wasiƙarki ta farko tana gabana. Da hannunki kika rubuta a sa ta a addu'a. Ina kika rubuta a ɓoye? Ke ma 'yar zumunta ce kafin ku tafi, kin san ba ma rufe wa juna. An yi addu'a a kan mijin mai ɗinki da shan giyarsa, an yi a kan 'yar mai gadi da ta gudu da direba, an yi a kan basir ɗin uwar zumunta ma da kanta. Wa ya mutu? Ledar nan da ƙafar nan mai ciwo na zagaya kasuwa na nemo ta.

Abin da ya faru a ɗakin taronku ban ji daɗinsa ba, amma ai mijinki ne ya kai kwalin, ba ni ba. Yarinya ce, za ta manta. Ubanta ma haka ya yi ta yi har ya yi nisa a firamare, ni ke shanya tabarmarsa, yau ga shi fasto. Ki sassauta. Matar fasto ce ke, yafiya kike koya wa mutane.

Yayarki, ko kin ƙi ko kin so

Zuwa ga Yaya

Ina gaisuwa, Allah ya sauke kumburin. Auta ya warke. Aku har yanzu shiru.

Kin gani? Ko a wasiƙar kare kanki sai da kika tona na ƙaninki, da na mai ɗinki, da na mai gadi, da na uwar zumunta. Kin tambaya wa ya mutu. Kin taɓa tambayar mai ɗinki me ya sa ta koma zama a kujerar baya? Da na ce ki sa ta a addu'a, ɗakinki nake nufi, da gwiwoyinki, ƙofa a rufe. Kin sani sarai. Amma labari ya iso miki da ɗuminsa ranar taro, ga mata a zaune suna kallon bakinki, kika kasa haɗiyewa. Wannan ba addu'a ba ce, gulma ce ta ɗaura ɗankwalin zumunta.

Kin ce matar fasto ta yafe. Zan yafe, amma ba yau ba. Ga abin da zai fara faruwa.

Kin san yadda ake yi da labarin mishan, tunda ke kika kafa tsarin. Ambulan yana zuwa hannun uwar zumunta a rufe, ta miƙa miki a gaban mata, ki buɗe ki karanta daga sama har ƙasa, ba a tsallake layi. Na wannan watan ya riga ya tafi, kuma ni na rubuta wurin roƙon addu'a. Ƙaninki ya karanta, ya ce, "Yayata ce fa." Na ce, "'Yarka ce fa." Ya sa hannu. Ga abin da za ki tarar:

"Muna roƙon addu'a saboda wata babba a danginmu, wadda ke tsayawa gabanku kowane wata. An ba ta amanar asirin yarinya ƙarama, ta tallata shi da sunan addu'a, har yarinyar ta daina magana da uwarta, ta daina magana da Allah. Ku tashi tsaye ku roƙa Ubangiji ya tsare mata bakinta. Ku roƙa kuma wa uwar yarinyar, wadda ta yi alkawari ta karya."

Na sanar da ke tun da wuri, gatan da Aku ba ta samu ba. Zaɓi naki ne. In kin ga dama ki ɗaure ƙafa ki kwanta, mataimakiyarki ta karanta. Kin san ta daɗe tana son wurin nan, kuma muryarta har bakin titi take kai. In kuma kina da zuciyar da kike cewa kina da ita, ki tsaya ki karanta da bakinki.

Akwai abubuwan gidanki da na sani tun ina amarya. Ban taɓa ko ɗaya ba, ba kuma zan taɓa ba, ni ba irinki ba ce. Abin da kika yi a fili kawai na mayar miki a fili. Ina so ki tsaya a inda 'yata ta tsaya, ido ya yi miki yawa, ki ji ko da daɗi.

Maman Aku

Zuwa ga Maman Aku

Na gaishe ku. Na daɗe ban rubuta ba, ba don gidan waya ba wannan karon. Ƙafa tana nan yadda take.

Na karanta. Da safiyar ranar na ɗauko bandeji na fara naɗe ƙafa, sai na hango mataimakiyar nan a raina tana gyara murya, na warware na tafi.

Da na iso wurin layin, na yi niyyar in bi ta kansa da sauri kamar sanarwa. Muryata ta ƙi. Ta shaƙe a daidai "yarinya ƙarama". Ido duka ya dawo kaina. Ba a ambaci suna ba, amma wa kuma ke tsayawa gabansu kowane wata? Uwar zumunta ta ce, "An ce mu tashi tsaye." Suka tashi. Ni ina gaba, takarda a hannu, ban san inda zan kai idona ba. Mai ɗinki daga kujerar baya ita ta ɗauki addu'ar, ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Ta roƙa wa bakina ƙofa, ta roƙa masa kwaɗo, ta roƙa a jefa mabuɗin a rijiya. Amin ɗin matar mai gadi kuwa har masu wucewa suka leƙo.

Duk rayuwata ni ke sa mutane a addu'a. Ban taɓa sanin haka ake ji ba, kamar an tuɓe maka zane ana maka waƙa.

Ban ce na ji daɗinki ba. Kin iya horo, amarya, ban san haka kike ba sai yanzu. Amma ki gaya wa Aku Gwaggonta ta tsaya, an kalle ta, kuma ta cancanta. Ki ce mata ta yi haƙuri. In ba za ta ji da harshenmu ba, ubanta ya fassara mata.

Yayarki

Zuwa ga Yaya

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Duk muna lafiya. Tsohon nan da ke ƙasa da mu ya gaji da bubbuga silin, jiya ma alewa ya miƙa wa Auta a matakala.

Kafin wasiƙarki ta zo na biya nawa. Na roƙi malamar ajinmu ta koya mini yadda ake cewa "na yi laifi, na karya alkawari" da harshensu. Na zauna a ƙasa daidai tsayin Aku na faɗa mata. Yadda na kwaɓa shi sai da gefen bakinta ya motsa, amma ta danne, ta tashi ta bar ni.

Da taki ta iso, tana kan tebur tana aikin makaranta. Ban ce ta saurara ba. Na zauna na karanta da ƙarfi kamar wa kaina nake yi. Fensirinta ya tsaya a wurin bandeji. Da na zo wurin kwaɗo da rijiya, sai na ji murya, da harshenmu, ba ta ɗago kai ba:

"Duk sun kalle ta?"

Na ce, "Duka."

"Ta yi kuka?"

Na ce, "Ta ce muryarta ta shaƙe."

Ta juya fensir a hannunta. Can ta ce, "To, ya isa. Ki ce ta sha maganin ƙafarta."

Na tashi na shiga kicin, don ba na kuka a gaban yara. Washegari a hanyar makaranta ta fara ba ni labarin wani yaro da ya haɗiye maɓallin rigarsa, ba ta gama ba har muka kai ƙofa. Da yamma ta haɗa hannu a tebur, amma a zuci ta yi tata, ta ce ba na ji ba ne. Ban matsa ba.

Tunda mai haƙƙi ta ce ya isa, ya isa. Na yafe miki. Ledarki tana hanya, na mayar miki. Ki shimfiɗa ta a teburin da kike ɗora takardun karantawa, ki riƙa ganinta kafin ki buɗe baki.

Na san abin da ke cin ki: kina so ki ji ko ta daina. Ba za ki ji ba. Ba yau ba, ba gobe ba.

Ga dokar gidan nan daga yau, na karanta wa Fasto ya amsa, na karanta wa Aku ta ce to. Labarin yaro na yaro ne. Ba wasiƙa, ba hoto, ba roƙon addu'a da zai fita ƙofar nan da sunan ɗana ko 'yata, sai mai sunan ya ji da kunnensa ya yarda. Dokar ta hau kan ubansu, ta hau kaina, ta hau kanki. Wanda magana ta cika masa ciki, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya gaya wa Allah. Shi ba ya karantawa a taro.

Maman Aku